Hawan jinin da ya ƙi jin magani: wa ya taɓa jin labarin cutar FMD?

Ummu_Haidar:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga ma'aikatan lafiyar da ke cikinmu. Akwai wanda ya taɓa jin cutar da ake kira Fibromuscular Dysplasia, ko FMD a taƙaice? Ɗiyar innata ce aka ce tana da ita. Shekarunta 29, ba ta da ƙiba, ba ta da ciwon suga, kuma babu mai hawan jini a gidansu, amma jininta ya hau ya ƙi sauka. An ba ta magani kala ɗaya, aka ƙara na biyu, aka ƙara na uku, duk sanda aka auna sai a ga wajen 170 bisa 110. Ga ciwon kai, ga wani ƙara da take ji a kunnen dama, fuu fuu fuu, yana tafiya daidai da bugun zuciyarta, da dare ya fi damunta. Kowa cewa yake tunani ta sa wa ranta. Sai da aka dace da wani likitan ƙoda ya saurari cikinta da abin sauraro, ya tura ta hoto, sannan aka ga jijiyar da ke kai jini ƙodarta ta dama ta tsuke. An kwashe shekaru kafin a kai ga nan. Ni abin da ke ci mini rai shi ne, mata nawa ne ke yawo da wannan abu ana ce musu su rage tunani? Ina ganin ya kamata a fara wayar wa mutane kai.

Hajiya_Turai:
Wa alaikumus salam. Subhanallah. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ni dai yau na fara jin sunan.

Ɗan_Gwale:
Allah ya sauwaƙe. Amma Ummu Haidar, ba kitse ne ya toshe jijiyar ba? Babanmu haka aka ce masa, wai kitse ya taru a jijiyoyinsa.

Likita_Bashir:
Ɗan Gwale, ba iri ɗaya ba ne da na Baba. Toshewar da kitse ke kawowa ta fi kama manya, da masu suga, da masu shan taba, kuma ita ce ke da kusan kashi 90 cikin 100 na tsukewar jijiyar ƙoda. FMD ba ruwanta da kitse, kuma ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba. Bangon jijiyar ne da kansa yake girma ba bisa tsari ba, wani wurin ya yi kauri ya tsuke hanya, wani wurin ya yi laushi ya buɗe. In aka ɗauki hoto sai ka ga jijiyar ta yi ƙulli-ƙulli a jere kamar carbi, kuma da wannan kamannin likitoci suka fi gane ta. Akwai wani nau'in da wuri ɗaya tak yake tsukewa, shi aka fi gani a yara da matasa.

Ta fi kama jijiyoyin da ke kai jini ƙoda da kuma na wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa. Dalilin hawan jinin kuwa, idan jinin da ke isa ƙoda ya ragu, sai ƙodar ta ɗauka jini ne ya yi ƙasa a jiki gaba ɗaya, ta saki wani sinadari da ake kira renin. Shi kuma ya sa jijiyoyi su matse, jiki ya riƙe gishiri da ruwa, jini ya hau. Muddin tsukewar na nan, ƙodar ba za ta daina ba. Shi ya sa za a yi ta ƙara magani ana ganin kamar ba ya aiki.

Ƙarar kunnen da aka ambata yawanci daga jijiyar wuya take, jini ne ke wucewa ta matsattsen wuri kusa da kunne. Ummu Haidar, an duba mata wuya da kai?

Ummu_Haidar:
A'a Likita, ƙodar kawai aka ɗauka.

Likita_Bashir:
To ku koma ku yi wa likitanta maganar. Matsayar da masana na Turai da Amurka suka fitar tare a 2019 ta ce duk wanda aka samu da FMD a wuri ɗaya, a ɗauki hoton jijiyoyinsa tun daga kai har ƙugu, ko da sau ɗaya ne a rayuwa. Cutar kan kama wuri fiye da ɗaya, kuma wani lokaci bangon jijiya kan yi rauni ya kumbura ya yi ƙullutu, ko ya tsage daga ciki. Gara a san da shi tun bai yi ɓarna ba.

Malam_Sabo_Kurna:
Ku gafarce ni, zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi daɗi ba. Mu da zazzaɓin cizon sauro ke kashe mana yara, mata na mutuwa wajen haihuwa, hawan jini na yau da kullum ma da yawa daga masu shi ba su taɓa aunawa ba, shi ne za mu ɗauko cutar da ba kasafai ake samunta ba mu ce za mu yi gangami a kanta? Abin da zai biyo baya na sani. Duk matar da kanta ya sara za ta ce FMD ce, a tayar wa maigida hankali ya je neman kuɗin hoton da ba shi da su. Ina tausaya wa 'yar'uwarki, wallahi, amma a fara da abin da ya fi kashe mutane.

Maman_Khairat:
Malam Sabo, ita wadda abin ya kama fa? Ta jira sai an gama da sauro?

Malam_Sabo_Kurna:
Ba haka nake nufi ba Hajiya. Cewa na yi ƙarfin da muke da shi kaɗan ne, a san inda za a zuba shi.

Nas_Binta:
Malam Sabo yana da gaskiya ta wani ɓangaren, kada mu yi masa ca. Ina aiki a ɗakin awon ciki, kuma ƙarar kunne mai bin bugun zuciya ina jin kukanta a bakin mata da yawa. Mafi yawansu ƙarancin jini ne, wasu cikin ne kawai, wasu maƙoƙo ne. Ka ba mace maganin ƙarin jini ta ci abinci mai kyau, ƙarar ta tafi. Don haka ba kowace ƙara ce FMD ba.

Inda na saɓa da shi shi ne batun kuɗi. Matakin farko ba ya cin ko sisi. Ka tambayi shekarun mace. Ka auna jininta yadda ya kamata, tana zaune ta huta. Ka tambaye ta ko tana shan maganin da gaske, don da yawa in suka ji sauƙi ajiyewa suke. Ka ɗora abin sauraro a wuyanta da gefen cibiyarta. In yarinya ce 'yar ƙasa da 30 da hawan jini mai tsanani, ko ana ba ta magani kala uku har da mai sa fitsari amma bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, to wannan ba ta layin kowa da kowa ba ce, a tura ta gaba. Mu ma'aikata mu ne muka fi buƙatar wayar da kan, don a asibitocinmu layi kan yi tsawo, sai a sabunta takardar magani kawai a kira na gaba.

Baƙon_Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar ma haka abin yake. In mace ƙarama ta zo da tansiyo, wato hawan jini, abin da za a fara tambaya shi ne ko an yi mata kishiya. Wata ɗiyar maƙwabtanmu an daɗe ana yi mata turaren iskoki saboda ƙarar da take ji cikin kai, ana cewa mutanen ɓoye ne ke yi mata magana. Ba a taɓa kai ta wurin lokotoro don wannan ba har ta faɗi, ɓarin jikinta ya mutu. Ban ce wannan cutar ce ba, ba a bincika ba. Amma da na karanta bayanin Likita Bashir ita ta faɗo mini a rai.

Abu_Muhsin:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin masu yi wa mutane ruƙiya, kuma ina faɗa wa 'yan'uwana masu wannan aiki su ji tsoron Allah. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Duk wadda ta zo mini da ciwon kai da jiri, sai na tambaya an auna jininta? In ba a auna ba, can za ta fara zuwa, mu haɗa da addu'a.

Zee_Ohio:
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa rubutu ba, yau dai sai na yi. Ni ina da FMD. A nan Amurka aka gano mini, ina da shekara 44. Tun ina gida nake fama da ciwon ɓarin kai, na ɗauka gado ne. Wata rana wuyana ya riƙe ta gefe ɗaya da wani irin ciwo da ban taɓa ji ba, fatar idona ta hagu ta ɗan sauko. Da aka yi hoto sai aka ga jijiyar wuyan ta tsage daga ciki, aka duba sauran aka ga carbin nan da Likita ya faɗa a wuya da ƙoda.

Abin da nake so Ummu Haidar ta gaya wa 'yar'uwarta shi ne ana rayuwa da cutar nan. Ina aikina, ina kula da yarana, na je Umra na dawo. Ina shan asfirin ƙarami da maganin hawan jini, ina zuwa a duba ni lokaci-lokaci. An hana ni ɗaga kaya masu nauyi sosai, an hana ni bari a murɗa mini wuya, an hana ni hawa lilon nan mai fizgar mutum na wuraren wasa. Shi ke nan.

Malam Sabo, game da cewa ba kasafai ake samunta ba, likitocin nan su ma sun fara sauya magana. Masu ba da kyautar ƙoda ana ɗaukar hoton jijiyoyinsu kafin aiki, mutane ne masu lafiya ƙalau, amma ana samun alamar FMD a kusan 3 zuwa 4 cikin 100. Da yawa ba za ta taɓa damunsu ba har su koma ga Allah. Amma hakan ya nuna ba a nemanta ne shi ya sa ba a ganinta. Akwai ƙungiyar masu cutar a nan, kuma tun 2009 ake tattara bayanan marasa lafiya a rajista guda. Kusan 9 cikin 10 mata ne, yawanci sai sun haura 50 ake ganowa, bayan shekaru da fara alamu. Kuma mafi yawan waɗanda ke cikin rajistar fararen fata ne. Har wasu na cewa ciwon Turawa ne. To ni Bakatsiniya ce gaba da baya.

Hajiya_Turai:
Allahu akbar. Sannu Zee, Allah ya ƙara lafiya. Kin kwantar mana da hankali.

Sani_Aski:
Tsaya Anti Zee, maganar murɗa wuya ta taɓa ni. Ni mai shagon aski ne, kuma in na gama wa mutum aski nakan ɗan juya masa wuya ya yi ƙas, wasu ma su suke roƙo. Akwai haɗari ne?

Likita_Bashir:
Malam Sani, ka daina don Allah, ko wa ya roƙa. Jijiyoyi biyu na bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa bayan ƙwaƙwalwa, fizga da ƙarfi na iya tsaga bangonsu. Ba kullum yake faruwa ba, amma kai ba ka san wanda jijiyarsa ke da rauni ba, shi kansa bai sani ba. Masu tausa ma su ji.

Sani_Aski:
Na daina daga yau. Zan gaya wa yarana na shago.

Inna_Ladi:
Ni dai har yanzu zuciyata na kan kanwa. 'Ya'yan yanzu da sun haihu a dinga ɗura musu kunun kanwa ana gasa su da ruwan zafi kwana 40, ba dole jini ya hau ba? Ummu Haidar, yarinyar nan ta yi jego kafin abin ya fara?

Nas_Binta:
Inna, maganarki gaskiya ce a kan kanwa, gishirin da ke cikinta na da yawa, kuma likitoci a Zariya sun daɗe da danganta kunun kanwa da kwanciyar gadon wuta da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Amma wannan daban, FMD daban. Kanwa ba ta sa jijiya ta yi ƙulli. Sai dai in mace na da tsukewar tun asali, kanwa za ta ƙara rura hawan jinin.

Ummu_Haidar:
Inna, ta haihu ɗaya, kuma a lokacin cikin ne aka fara ganin jinin ya hau. An ce zai sauka in ta haihu, bai sauka ba.

Kemis_Auwalu:
Bari in ƙara wani abu daga abin da nake gani a kanti. Kafin a tafi neman cuta mai wuyar suna, a duba abin da mace ke sha da abin da take shafawa. Maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen in ana sha kullum suna hawar da jini. Ƙwayar tsarin iyali mai sinadari biyu na iya yi. Man bilicin mai sitiroyid ma haka. Akwai kuma ciwon ƙoda kansa, da cutar da wani ƙullin da ke saman ƙoda ke fitar da sinadarin riƙe gishiri fiye da kima, wadda ta fi FMD yawa nesa ba kusa ba. Ni a ganina saƙon da za a kai wa jama'a kada ya tsaya a sunan cuta ɗaya. A ce musu hawan jini a jikin matashi yana da dalili, a nemo dalilin.

Malam_Sabo_Kurna:
To ka ga wannan na yarda da shi. In haka za a faɗa, ina ciki. Abin da nake gudu shi ne a jefa wa mutane sunan Turanci a bar su da fargaba.

Zee_Ohio:
Malam Auwalu, na fahimce ka, amma sunan ma yana da amfani. Likitan da bai taɓa jin sunan ba ba zai nema ba. Kuma mara lafiyar da ta san sunan ita ce za ta iya cewa, likita, ko za a duba mini kaza?

Ɗalibar_Likitanci:
Ina aji biyar. Gaskiyar Anti Zee ce, a darasi layi biyu aka yi mana a kanta, a ƙarƙashin dalilan hawan jini, aka wuce. Na je na karanta da kaina na ga tun 1938 wasu likitoci biyu a Amurka, Leadbetter da Burkland, suka ba da rahoton wani ƙaramin yaro mai hawan jini da aka samu jijiyar ƙodarsa ta tsuke, aka cire ƙodar jinin ya sauka. Fiye da shekara 80 ke nan. Likita Bashir, tambayata: a gadon asibiti na ga wata budurwa da ba a jin bugun jini a hannunta na hagu sam, awon hannun dama da na hagu sun sha bamban. Ita ma FMD ce?

Likita_Bashir:
Ƙanwata, wannan ya fi kama da cutar Takayasu, wadda aka sa wa sunan likitan idon Japan da ya bayyana ta a 1908. Ita ma 'yan mata da matasan mata ta fi kamawa, ita ma tana tsuke jijiyar ƙoda ta kawo hawan jini, shi ya sa ake rikita su. Bambancin shi ne a Takayasu garkuwar jiki ce ke afka wa babbar jijiyar da ta fito daga zuciya da rassanta, sau da yawa da zazzaɓi da kasala da rama a farko, kuma gwajin jini kan nuna alamar kumburi. Maganinta su prednisolone ne da masu danne garkuwar jiki. FMD kuwa ba a ba ta waɗannan, ba za su yi mata komai ba sai illa. Ki riƙe al'adar auna hannu biyu a ganin farko, za ki kama abubuwa da yawa.

Ɗan_Gwale:
To wai ana warkewa? Kuma gado ce?

Likita_Bashir:
Cutar kanta ba a da maganin da ke kawar da ita, kuma har yau ba a tabbatar da abin da ke haddasa ta ba. Akwai hannun ƙwayoyin halitta, amma waɗanda ke da ɗan'uwa mai ita ba su kai 1 cikin 10 ba. Shan taba na ƙara munin ta, shisha ma taba ce.

Hawan jinin kuwa ana iya yi masa aiki. Ana zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har zuwa jijiyar ƙoda, a hura ɗan balan-balan a wurin da ya tsuke ya buɗe. Yawanci ba a ma barin ragar ƙarfen nan da ake sa wa masu toshewar kitse. Wasu jininsu kan daidaita har su bar magani, wasu a rage musu. An fi dacewa in mutum matashi ne kuma hawan jinin bai daɗe ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa jinkiri ke da tsada, Malam Sabo. Shekarun da aka ɓata ana cewa tunani ne, ƙodar na ƙanƙancewa, zuciya na kauri, damar warkewa na raguwa.

Baƙon_Maraɗi:
Wannan aikin na balan-balan sai manyan birane ai. Talakan ƙauye fa?

Nas_Binta:
Shi ne ciwon. Ko hoton jijiyoyin na CT sai an je babban asibiti. Amma sikanin jijiyar ƙoda da na wuya ya fi sauƙin samu, in akwai gwani a kan na'urar. Ko sikanin ciki na yau da kullum in ya nuna ƙoda ɗaya ta fi ɗaya ƙanƙanta sosai, alama ce. Kuma ko ba a kai ga aiki ba, sanin cutar na sauya yadda za a bi da mutum, musamman mace mai shirin ɗaukar ciki.

Maman_Khairat:
Ni shawarata a kai maganar gidajen rediyo, su mata ke saurare suna aiki. Da makarantun Islamiyya na matan aure. Ranar 17 ga Mayu ita ce ranar hawan jini ta duniya, ranar ƙarshe ta Fabrairu kuma ta cututtukan da ba kasafai ake samu ba. Ko a ɗaya daga ciki a samu likita ya yi bayani da Hausa.

Kemis_Auwalu:
Ranar hawan jini ta fi dacewa, mutane sun san ciwon.

Zee_Ohio:
Ni kuma da za a yi duka biyun. In an shirya zan yi magana ta waya, a ji daga bakin mai ita.

Amarya_2020:
Don Allah ina da tambaya. Ni ma ina jin ƙarar nan a kunne in na kwanta, kuma ina da ciki wata biyar. In fara shan asfirin ɗin da Anti Zee ta ce?

Likita_Bashir:
A'a, kada ki fara da kanki. Asfirin ga wanda aka tabbatar yana da cutar ne, ko mai cikin da likita ya ga tana buƙata, kuma yana iya jawo zubar jini ko ya tayar da gyambon ciki. Ki je awo a wannan makon, ki gaya musu ƙarar, a auna jininki, a duba yawan jini da fitsari. In kina kan maganin hawan jini irin su lisinopril ko losartan ki faɗa musu nan take, ba a shan su da ciki. In kuma kika ji ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada ki jira ranar awo, a tafi asibiti ko tsakar dare ne.

Amarya_2020:
To Likita, na gode. Ranar Talata ce awonmu, amma gobe zan je.